Daga Kogin Alta Zuwa Tuddan Fosen

A can arewacin Turai, a ƙasashen Norwe, Suwidin, Finlan da Rasha, akwai wata al'umma da ake kira Sami. Suna da harsunansu da tufafinsu, kuma tun kaka da kakanni waɗansunsu suna kiwon wata irin barewa mai jure ƙanƙara. Da lokacin sanyi dabbobin nan sukan tone ƙanƙara da kofato su ci gansakukar da ke ƙarƙashinta. Idan makiyayar sanyi ta salwanta, garke ba zai rayu ba, kuma harshe da al'adun da ke tafe da kiwon za su raunana.

Ga misalai biyu na yadda neman wutar lantarki ya kai wannan jama'a gaban Kotun Ƙoli ta Norwe.

Na farko shi ne rikicin Kogin Alta. A 1978 majalisar dokoki ta yarda a gina madatsar ruwa a kan kogin. A 1979 waɗansu matasan Sami suka kafa tanti a ƙofar majalisar a Oslo, suka ƙi cin abinci. A Janairun 1981 aka aika 'yan sanda wajen 600 su kwashe waɗanda suka tare hanyar aikin. A 1982 kotu ta bai wa gwamnati gaskiya, aka gama tashar a 1987.

Sami sun sha kaye, amma ƙasar ta farka. An kafa kwamitin binciken haƙƙoƙinsu a 1980, aka yi Dokar Sami a 1987, aka sa kiyaye harshensu da al'adunsu cikin tsarin mulki a 1988. A 1989 Sarki Olav na Biyar ya buɗe Majalisar Sami a garin Karasjok.

Na biyu shi ne shari'ar Fosen. A 2010 hukumar makamashi ta ba da izinin kafa injinan da iska ke juyawa a tuddan Storheia da Roan, inda makiyayan Sami ke kai garkensu da sanyi. Injina 151 aka kafa tun shari'a ba ta ƙare ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a biya makiyayan kuɗi su killace dabbobin su ciyar da su da abincin saye. Amma ran 11 ga Oktoba 2021 alƙalai 11 na Kotun Ƙoli suka ce da murya ɗaya izinin ba shi da inganci. Sun dogara ga sashe na 27 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 a kan haƙƙin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda ta hana a tauye wa ƙananan al'ummu al'adunsu. A ganin kotun, ciyar da dabba cikin shinge ya yi nisa da kiwon gargajiya, kuma da an zaɓi wani wuri da an sami lantarkin ba tare da wannan ɓarna ba.

Duk da haka injinan suka ci gaba da juyawa, gama kotun ba ta ce a rushe su ba. Bayan kwana 500, a Fabrairun 2023, matasa suka mamaye ma'aikatar makamashi a Oslo, har gwamnati ta nemi gafara. A Disambar 2023 da Maris 2024 aka sasanta da ƙungiyoyin makiyayan biyu: injinan za su zauna, za a biya diyya kowace shekara, za a nemo ƙarin makiyaya, kuma ba za a sabunta izinin ba sai da yardarsu.

Mai karatu zai lura cewa dokokin da aka samu bayan kayen Alta su ne suka share hanyar nasarar Fosen. Amma a duka biyun an fara gini kafin shari'a ta ƙare, shi ya sa masana doka a Norwe suke nanata a saurari makiyaya kafin a ba da izini.