Injin da Aka Ƙera Domin Masu Mantawa da Juye: Tarihin Honda CG125

A farkon shekarun 1970, kamfanin Honda na ƙasar Japan ya shiga wata damuwa. Baburansa suna tashe a Amurka da Turai, amma a ƙasashe masu tasowa abokan hamayyarsa ne ke cin kasuwa, saboda injinan Honda ba sa daɗewa a can suke lalacewa. A shekarar 1974 kamfanin ya tura ma'aikatansa biyu, Takeshi Inagaki da Einosuke Miyachi, su gano dalili. Sun shafe kusan wata guda suna zagaya biranen Thailand da Malesiya da Indonesiya da Filifin da Iran da Pakistan, suna lura da yadda jama'a ke tafiyar da babur.

Abin da suka tarar ya sha bamban da abin da aka saba a Japan. Babur guda yana ɗaukar mutum uku ko huɗu, ko ya sha lodin kayan gona. Ana barin baƙin mai a inji har ya yi kauri, matatar iska ta takarda tana toshewa da ƙura, sarƙa tana saki ba a ɗaure ta ba. Ba a kai babur wurin bakanike sai ya tsaya cak. Masu baburan ba gangancin banza suke yi ba: babur shi ne abin neman abincinsu, yinin da ya yi a gareji yinin asara ne.

Matsalar tana cikin tsarin injin. A ƙananan injinan Honda na wancan zamani, sandar da ke buɗe bawul tana can saman inji, sarƙa ce ke juya ta, kuma sai mai ya hau har can kafin ta samu santsi. Idan man ya ƙazantu ko ya yi ƙasa, ita ce ke fara ci, ta cinye mazauninta, gyara ya zama babba. Inagaki da abokan aikinsa sai suka koma ga wani tsari da ake ganin ya tsufa. Suka sauko da sandar ƙasa, kusa da inda mai ke taruwa, haƙoran giya na juya ta ba sarƙa ba, wasu siraran sanduna biyu kuma na kai motsin sama zuwa ga bawul. Suka sa matatar iska ta soso, wadda za a wanke a mayar. Injin bai kai na da gudu ba, amma yana haƙuri da sakaci.

A shekarar 1975 aka fara sayar da CG125 a Thailand. Shekara guda bayan haka aka soma haɗa shi a birnin Manaus na Brazil, inda shahararren ɗan ƙwallo Pele ya yi tallarsa. A 1981 ma'aikatar Brazil ta fitar da samfurin da ke aiki da man da ake tatsa daga rake maimakon fetur. A Pakistan kuwa har yau kamfanin Atlas Honda na ƙera CG125, siffarsa ba ta yi nisa da ta asali ba.

Sai dai sauƙin da ya sa injin ya yi ƙarko shi ne ya sa kwaikwayonsa ya zo da sauƙi, kuma a birnin Chongqing na ƙasar Sin aka fi cin gajiyar hakan. Birnin na da manyan masana'antun kayan soja waɗanda suka juya ga ƙera kayan farar hula. Ɗaya daga cikinsu, Jialing, ta ƙulla yarjejeniyar fasaha da Honda a 1981. Ƙananan masana'antu suka tsiro a kewayenta, wannan na yin fistin, wancan na yin kafireta, wani na yin kuloci. A 1992 aka kafa kamfanonin Lifan da Zongshen a birnin, kuma Zuo Zongshen, wanda ya kafa na biyun, da gyaran babur ya fara. Irin waɗannan kamfanoni ba su buƙaci zana inji daga tushe ba; sayen kayan haɗi suke yi daga maƙwabta, su harhaɗa, su liƙa sunansu. Injin CG na cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, har aka faɗaɗa shi zuwa 150 da 200, aka ɗora shi a kan kekunan dakon kaya masu ƙafa uku.

Wannan ya haifar da abin da ba wanda ya tsara. Tunda kamfanoni da yawa awo ɗaya suka kwafa, sai kayan gyaransu suka riƙa shiga juna. Sau da yawa fistin ko ringin wani babur yakan zauna daram a injin wani mai suna daban. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar tara kayan kowane kamfani, bakaniken da ya ƙware a inji ɗaya kuma ya iya sauran. Lokacin da baburan Sin suka kwararo Afirka ta Yamma a farkon shekarun 2000, da wannan garaɓasa suka zo. Kasuwar Nkwo ta garin Nnewi, a jihar Anambra, ta zama babbar cibiyar rarraba babura da kayan gyaransu, 'yan acaɓa a Arewacin Najeriya da 'yan kabu-kabu a Nijar suka samu abin hawan da za a iya tayar da shi a gindin bishiya. Masu walda kuma suka ƙara nasu: a tsawaita kujera, a ƙarfafa kariya domin buhuna da jarkoki.

Honda ta kai ƙarar wasu masu kwaikwayo, amma ta kuma ɗauki darasi daga gare su. A 2001 ta haɗa gwiwa da kamfanin Sundiro na Sin, domin cin moriyar arhar kayan haɗin ƙasar. A 2011 ma'aikatarta da ke Ota a jihar Ogun, wadda aka kafa tun 1979, ta fitar da Ace CB125 a kan kusan naira 100,000, an haɗa shi da kayan da aka samo daga Sin, domin ya yi gogayya da baburan da suka ƙwace mata kasuwa.

Arhar tana da nata haraji. Awo ɗaya ba ya nufin ƙarfe ɗaya. Ringi biyu za su iya shiga inji guda, ɗaya ya yi shekaru, ɗaya ya fara hayaƙi cikin watanni, kwalayensu kuwa kusan iri ɗaya. Nan ne gaskiyar mai shago da idon bakanike suke zama jari. Haƙurin injin ma yana da iyaka, domin an tsara shi ya jure jinkirin juye ne, ba rashinsa ba.

Yanzu da dokokin hayaƙi suka kori CG125 daga kasuwannin Turai, babura masu lantarki kuma suka fara shigowa biranen Afirka, tambayar da mai saye zai yi ita ce wadda Inagaki da Miyachi suka tarar a 1974: idan ya tsaya a hanyar ƙauye, wa zai iya buɗe shi, kuma a wane shago za a samu abin da ya lalace?