Kwanson Remington: daga Shaikan zuwa Karari

'Yan uwa mazauna Sinja da Maiwurno, bindigar Remington da ta yi suna a ƙasar nan asalinta ta sojan Masar ce. A Nuwamban 1883 Ansaru suka murƙushe rundunar Hicks Pasha a Shaikan, suka kwashi dubbanta ganima. Sai dai bindiga ba harsashi sanda ce, ga hanyar Masar ta toshe.

Don haka a zamanin Halifa Abdullahi maƙeran Umdurman suka koma ɗura tsohon kwanso: a tsinto shi, a sauya ƙyastun gindinsa, a zuba albarushin gida na gawayi da farar wuta da gishirin albarushi, a toshe da curin dalma. Har fursuna Bajamushe, Charles Neufeld, an sa shi tace gishirin.

Dabarar ta riƙe daular shekaru, amma albarushin rarrauna ne, harsashi ba ya cin dogon zango. Ranar 2 ga Satumba 1898 a Karari, bindigar Maxim ta tona wannan rauni. Ita ce kuma ta tarwatsa jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, mafarin hijirar da ta sauke kakannin da yawa daga cikinmu a bakin Nil Azraƙ.