Economy 7

Economy 7 tsarin biyan kuɗin lantarki ne da aka ɓullo da shi a Birtaniya a 1978, inda farashin wuta ke sauka na awa 7 cikin dare. Gidajen da ke kan tsarin sukan raba wayoyinsu gida biyu: layin fitilu da soket, mai wuta kullum, da layin na'urorin ɗumama ɗaki masu adana zafi da tankin ruwan zafi. Idan lokacin rangwame ya yi, mita ko agogo ke kunna layi na biyu ta makunni mai maganaɗisu. Wasu tsofaffin mitoci kuwa ta siginar rediyon BBC aka tsara su karɓi umarnin. Sai dai a Economy 7, wutar da ake amfani da ita da rana ta fi ta tsarin gama-gari tsada.