Daga Muhuti Zuwa JUSUN: Masu Riƙe Da Alƙalamin Kotu

Ku yi mini afuwa, wannan makon na ɗan jingine labarin da muke ciki.

Mu marubuta in muka kai labari kotu, alƙali da lauya kaɗai muka sani. Ni ma haka nake, har ran da rigimar gonar gado ta taso wa gwaggona a Zinyau. Shaidu duk sun kwanta dama. Abin da ya cece ta wani tsohon littafin kotu ne a Rano, inda wani malamin kotu ya rubuta iyakar gonar tun ba a haife ni ba, har da tsamiyar da ke gabas. Allah Ya jiƙansa. Tun ranar nake bin diddigin masu wannan aiki.

A da, muhuti ake ce da shi. Yana zaune gefen alƙali a kan buzu, da allo ya taso, da Larabci yake rubutu. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sai suka matsa lallai a riƙa ajiye kowace shari'a a rubuce, shi ya sa har yau akwai bayanan shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 zuwa 1914. Daga baya aka buɗe makarantar shari'a ta Shahuci a 1928, sai ta koyon aikin alƙalanci a 1934, wadda ta zama SAS a 1947.

To amma fa muhuti ba shi da ƙungiya. Yaron alƙali ne, alƙali kuma na En'e ne, in an kore ka sai dai ka kai ƙara wajen Allah. Sai a 1968 gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e, malaman kotu suka koma ma'aikatan gwamnati. Wannan, a ganina, shi ya ba su bakin magana.

Yanzu rajistara da akawu da masinja duk suna inuwa guda, wato ƙungiyar ma'aikatan shari'a ta ƙasa, JUSUN. Ban da albashi, babban abin da take faɗa a kai shi ne kuɗin kotu su daina biyowa ta hannun gwamna, domin wanda ke ciyar da kai da wuya ka ce masa bai da gaskiya. A kan haka suka garƙame kotunan Nijeriya ranar 6 ga Afrilun 2021, ba a buɗe ba sai tsakiyar Yuni. Gaskiyarsu ce, amma jama'a, masu jiran shari'a a kurkuku suka yi azumi da salla!

A Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya ƙarfafa 'yancin kuɗin kotunan jihohi. Gwaggo dai gyaɗa ta shuka a gonar bana.