Baiti Ɗaya, Muryoyi Dabam-dabam: Kewa da Begen Ishiriniya a Iyakar Jibiya

Gabatarwa

Idan watan Rabi'ul Awwal ya tsaya, matafiyin da ya ɗauko hanyar Katsina zuwa Maraɗi yakan ji Ishiriniya, waƙar yabon Manzon Allah (SAW), tun kafin ya hango shingen kwastan na Magama a iyakar Jibiya. Tana tashi daga zaurukan malamai, da lasifikar masallatai, da wayoyin direbobin da ke jiran a duba musu takardu. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: tunda baitocin ba su sauya ba, me ya sa mai sauraro yake maƙale wa muryar sha'iri guda, har ya ce in ba ita ba bai ji Maulidi ba? Matsayina shi ne, kari da muryar da mutum ya fara jin waƙar da su ne ma'ajiyar kewarsa, don haka sun cancanci nazari da adanawa kamar yadda matanin ya cancanta.

Waƙar da Ta Saba da Sabon Hannu

Abdurrahman Alfazazi, malamin Andalus da ya rasu a 1230, shi ya tsara waƙar, baiti ashirin ga kowane harafin Larabci, inda ta samo sunanta. Sai dai abin da almajiran ƙasar Hausa suka fi haddacewa shi ne tahamisin Ibnu Mahib, wanda ya ɗora ɗango uku a kan kowane baiti ya mayar da shi mai ƙwar biyar. Ke nan Ishiriniyar da muka gada tun asali aikin hannu biyu ce. Hannu na uku shi ne na mai rerawa: wannan ya ja, wancan ya gaggauta, wani ya tsaya ya fassara da Hausa, wani ya haɗa da mandiri. Kowane zaure da karinsa.

Abin da Kunne Ke Nema

Wani dare a teburin mai shayi a Magama, na ga wani dattijon direba ya ajiye kofinsa da jin wata tsohuwar ɗaukar Ishiriniya, mai ƙarar iska da tarin jama'a a bayanta. Yaron mai shayi ya miƙa hannu zai sauya ta da ta situdiyo, mai fiyano da tsabtar sauti. Dattijon ya ce, "Ɗana, bar mana wannan. Haka malaminmu yake ja." Yaron ya ce, "To, Baba." Har aka kai ƙarshen harafin, shayin ya huce, bai ƙara cewa uffan ba.

Ba ma'anar Larabcin ce kaɗai ta riƙe shi ba. Abin da karin ya dawo masa da shi shi ne fitilar ƙwai, da tabarmar zaure, da tuwon sadakar daren goma sha biyu, da mutanen da ƙasa ta rufe wa ido. Hausa ta riga ta fahimci wannan, domin kalmar "bege" ɗaya ce take nufin yabon Manzon Allah (SAW), take kuma nufin ƙishin ganin wanda ba ya kusa.

Wannan ɗabi'a ba tamu kaɗai ba ce. A 1688 Johannes Hofer ya bayyana kewar gida a matsayin ciwo da ke kama mutanen Suwizalan idan sun yi nisa da ƙasarsu. A Amurka kuwa, mawaƙa masu yawa sun sake rera "White Christmas" ta Irving Berlin, amma muryar Bing Crosby ta 1942, wadda sojoji suka saurara a fagen Yaƙin Duniya na Biyu, ita ta zauna a zukata.

Me Ya Sa Jibiya?

A bakin iyaka kewa takan yi kaifi. Maraɗi kanta masu sarautar Katsina da suka bar birni bayan jihadi ne suka kafa ta, kuma layin da Ingila da Faransa suka shata ya ratsa tsakanin dangi ne. An rufe iyakar a Agustan 2019, ba a buɗe ƙofar Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Ga kuma 'yan bindiga da suka tarwatsa ƙauyuka, har wasu mazaunansu suka nemi mafaka a jihar Maraɗi. Wanda ya saba tsallaka iyaka zuwa garin Ɗan Isa cin Maulidi wurin kawunsa, ranar da hanya ta gagara, muryar da ke cikin wayarsa ce ta kai shi.

Mai suka zai ce wannan shauƙi ne kawai, har yana iya shagaltar da mutum ga barin ma'ana. Akwai kuma malaman da ba su yarda da bikin Maulidin ba ma. Wannan saɓani ne na fiƙihu, ba nan ne muhallinsa ba. Amma ko wanda bai halarci zaman ba zai yarda cewa kari shi ne igiyar da ta riƙe baitocin a ƙwaƙwalwar almajirai ƙarni bayan ƙarni. Ba don shi ba, da waƙar ta tsaya a takarda.

Kammalawa

Matanin Ishiriniya ba ya cikin haɗari. Ana sayar da shi a kasuwanni. Abin da ke salwanta shi ne karin zauruka, wanda yake tafiya duk ranar da aka binne mai shi. Ya kamata masu nazarin adabi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi su haɗa hannu su naɗi muryoyin dattawan ɓangarorin biyu, su rubuta wanda kowannensu ya koya a wurinsa. In an yi haka, jikan direban nan zai san yadda malamin kakansa yake ja.