Tayar da kwamfutar gida daga nesa: yadda dabarar ke aiki, da abin da ke hana ta a Maraɗi

Malamin da ke zaune a Maraɗi yana koyarwa a Tibiri, ko mai riƙe da lissafin ƙungiyar manoman rani a Jiratawa, wata rana zai iya samun kansa a wannan hali: ana neman takarda yanzu-yanzu, ita kuwa tana cikin kwamfutar da ya bari a kashe a gida. Barin kwamfuta a kunne dare da rana yana cin wuta, ga zafin bazara da ƙurar hunturu da ba su raga wa na'ura. Akwai dabarar kunna ta daga nesa da salula, ana kiran ta Wake-on-LAN. Sharaɗinta guda ne: dole a samu wani abu a cikin gidan da bai yi barci ba.

Mece ce wannan dabara?

Kwamfutar tebur da aka kashe, muddin tana jone da wuta, ba ta mutuwa gaba ɗaya. Katin rezo, wato sashen da ake soka wa wayar intanet, yana ci gaba da shan ƴar wuta kaɗan yana sauraro. Abin da yake jira wani gajeren saƙo ne da kamfanin AMD ya fito da tsarinsa a 1995, ya sa masa suna Magic Packet. Saƙon bayit 102 ne: bayit 6 na alamar buɗewa, sai lambar katin da aka maimaita sau 16. Wannan lamba ita ce adireshin MAC, mai haruffa da alƙaluma 12, kuma kowane kati da tasa. Da katin ya ji lambarsa, sai ya tayar da kwamfutar.

Kunnawa kawai dabarar ke yi. Shiga cikin kwamfutar a ɗauko takarda aikin wata manhaja ce, irin su AnyDesk ko TeamViewer, wadda dole a girka ta tun kafin a bar gida.

Shirin da ake yi a gida

Da farko a haɗa kwamfutar da rauta, wato akwatin da ke rarraba intanet a gida, ta hanyar waya, domin akasarin kwamfutoci ba su farkawa ta Wi-Fi. Sai a shiga BIOS a kunna Wake-on-LAN. In akwai zaɓin ErP a kashe shi, don yana yanke wa katin wuta. A cikin Windows a ba katin izinin tayar da kwamfuta, a kuma kashe abin da Windows na Faransanci ke kira « Démarrage rapide », wanda kan hana farkawa. Daga nan a rubuta adireshin MAC a ajiye, a gwada da salular da ke kan Wi-Fi na gidan. In bai yi aiki a cikin ɗaki ba, ba zai yi daga Tibiri ba.

Inda rauta ke tare hanya

An ƙirƙiri dabarar ne don kwamfutocin da ke rezo guda, inda ake shelanta saƙon kowa ya ji. Daga waje kuwa rauta mai gadi ce, ba ta barin baƙon saƙo ya shiga sai an buɗe masa ƙofa. Yawanci ƙofa mai lamba 9 ko 7 ta UDP ake buɗewa, a nufe ta ga kwamfutar.

Ko an buɗe, da sauran rina a kaba. Rauta tana da ɗan kundi mai suna ARP inda take rubuta wace na'ura ce ke da wane adireshi, kuma bayan ƴan mintoci da kashe kwamfuta sai ta share sunanta. Shi ya sa gwaji kan yi nasara nan take, washegari ya ƙi. Maganinsa a rubuta kwamfutar a kundin dindindin, amma ƙananan rautoci masu ɗaukar katin SIM da yawa ba su da wannan zaɓi.

Babbar matsala ita ce adireshin gidan a intanet. Gidaje da yawa a Maraɗi suna samun intanet ne ta layin salula, na Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecom. Saboda ƙarancin adireshin IPv4, kamfanonin salula a ko'ina cikin duniya kan haɗa abokan ciniki masu yawa a bayan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ƙofa ɗaya da ɗakuna ba lamba: na ciki yana fita, amma mai kawo wasiƙa bai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. Starlink, da ya fara aiki a Nijar a 2025, shi ma haka yake yi wa masu rajistar gida. Don tantancewa, a duba adireshin waje a shafin saitin rauta. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, buɗe ƙofa ba zai amfana ba.

Hanyar da ta fi tabbas

Mafita ita ce a bar ƙaramar na'ura mai cin wuta kaɗan a kunne a gida, ta zama ɗan aike. Tana iya zama Raspberry Pi, ko tsohuwar salular Android, ko rautar kanta in irin ta MikroTik ce ko mai tsarin OpenWrt. Ana isa gare ta ta manhajar da ke iya ratsa CGNAT, kamar Tailscale, domin na'urar ce ke fita daga ciki ta ƙulla hanyar. Ita kuma sai ta shelanta saƙon tayarwa a cikin gida.

Wannan hanya ta fi tsaro. Saƙon tayarwa na yau da kullum ba shi da kalmar sirri, duk wanda ya san adireshin MAC zai iya aika shi. Haɗarin da ya fi girma shi ne buɗe ƙofar sarrafa Windows daga nesa, mai lamba 3389, kai tsaye ga intanet: ƴan kutse suna laluben ta dare da rana, kuma ta nan masu kulle bayanai don neman kuɗin fansa kan shiga.

Batun ɗaukewar wuta

Kaso mai yawa na wutar da NIGELEC ke rabawa a Maraɗi yana zuwa ne daga Najeriya ta layin Katsina, kuma jama'a ba su manta da yankewar da aka fara a watan Agustan 2023 ba. Idan wuta ta ɗauke, katin rezo ya daina sauraro, kuma wasu kwamfutoci ba su komawa sauraron bayan ta dawo sai an kunna su da hannu sau ɗaya. A BIOS akwai zaɓin da ke sa kwamfuta ta tashi da kanta da zarar wuta ta dawo. Yana warware matsalar, sai dai wutar da ke dawowa da ƙarfi tana iya ƙona na'ura, don haka a sa akwatin batir mai daidaita wuta a tsakani. Rauta da ɗan aiken su ma a ɗora su kan batir ko sola.

Wanda takardu kaɗan kawai yake buƙata, ya fi masa sauƙi ya ajiye kwafi a Google Drive ko a kile USB. Wanda kuma aikinsa ke cikin kwamfutar kanta, kamar manhajar lissafin kanti, kafin ya dogara da dabarar ya kashe kwamfutar ta kwana, da safe ya kashe Wi-Fi na salularsa, ya gwada da rezon waje.