Kanwa Ba Ƙazanta Ba Ce: Tarihin Ruwa a Ƙasar Gure

Duk wanda ya ratsa ƙasar Gure, tun daga yankin Gamu har ya gangara kudu da gabas, inda tuddan rairayi suke jere babu iyaka, zai shaida cewa arzikin wannan nahiya, tun zamanin da ake kiranta Muniyo, bai dogara ga kogi mai gudu ba, sai ga rijiyoyi da tafkunan damina, da kuma kwarurrukan nan da Allah cikin hikimarsa Ya ɓoye tsakanin tuddai, inda ruwan ƙasa yake kusa ƙwarai. Kowane kwari yana da tsarinsa: goriba a bakin ganga, dabino a bayanta, sa'an nan lambunan rogo da rake da albasa, can tsakiya kuwa fili ne fari fat, wanda kanwa take tsatsafowa a kansa da rani.

A watan Disamba na 1852, matafiyin nan Bajamushe, Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka Gure a zamanin Muniyoma Koso, sarkin Muniyo, bisa hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya kuma ba da labarin tafkuna biyu maƙwabtan juna a wurin da ake kira Gidimuni a yau, ɗaya na ruwan daɗi, ɗaya na kanwa. A wancan zamani Mangawa, mutanen wannan ƙasa, sun mai da ɗacin kanwa sana'a, domin da rani sukan kankare ƙasar kwari, su zuba ta cikin matatar ciyawa, su kwarara mata ruwa, su dafa abin da ya tsiyaye cikin tukwanen yumɓu har ya daskare ya zama gishirin mangul. Fatake kuwa su ɗora shi tare da kanwa bisa jakuna da takarkarai zuwa Kano da Katsina, sarakuna su karɓi haraji, makiyaya su sami abin lasa wa dabbobinsu.

Game da hukuncin irin wannan ruwa mai kanwa, malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya, waɗanda Risala ta Ibn Abi Zaid take hannun almajiransu har yau, sun rarrabe al'amarin ruwa rarrabewa mai kyau: ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita saboda ƙasar da yake kwance a kanta, kamar gishiri ko taɓo, yana nan bisa tsarkinsa, ana alwala da shi, amma wanda najasa ta jirkita shi, ya fita daga hukuncin tsarki baki ɗaya. Hadisi ingantacce kuma ya hana yin bawali cikin ruwan da ba ya gudu. Hikimar wannan hani ta fi bayyana a ƙasa irin tamu, domin tafki da kwari ba su da mafita, abin da aka zuba musu yana nan zaune, rana tana ƙafar da ruwa, dauɗa tana ƙara kauri.

Fari mai tsanani na shekarun 1973 da 1984 ya sauya lamarin. Ruwan ƙasa ya yi nisa, itatuwa suka mutu, rairayi ya taso yana binne lambuna, jama'a da dabbobi suka taru bisa ɗan ruwan da ya rage. Bayan haka sai ga abubuwan da kakanninmu ba su sani ba: takin zamani, wanda rararsa take gangarawa cikin tafki ta ciyar da ciyawar kacalla har ta shaƙe ruwa, ta hana masunta jefa taru, ta zama mafakar tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi, da maganin ƙwari, wanda ake wanke tankin feshinsa a bakin ruwan da yara suke ɗiba, da leda, wadda take toshe magudana, ta kuma kashe akuya in ta haɗiye ta. Hukumar Nijar ta kafa dokar hana leda a 2014, an kuma shigar da tafkin Gidimuni cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar take kiyayewa a 2019, sai dai doka ba ta tsare bakin tafki in masu tafkin sun yi sakaci.

Tarihinmu na kusa ya nuna cewa gyara mai yiwuwa ne, domin kurkunu, wanda ya daɗe yana kwantar da manoman Damagaram a tsakiyar damina, an kawar da shi ta hanyar tace ruwan sha da hana mai ciwo tsoma ƙafarsa cikin tafki, har aka tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Saboda haka muna kira ga masu gari da limamai da manoman rani na Gamu da sauran ƙasar Gure, su tsayar da ƙa'ida: kada a wanke tankin feshi ko a zubar da shara kusa da ruwa, a kuma ware wa dabbobi mashayarsu. Ruwa amana ce, kuma za a tambaye mu a kanta.